Sarrafa injin zuba narkakken ƙarfe: sana'ar da za a jingina rayuwa a kanta ce, ko kuwa mai shuɗewa?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki daga ciki. Na kammala karatun fasaha a fannin kanikancin injuna, kuma an ba ni gurbin koyon aiki a wata masana'anta da ke zuba sassan motoci da na famfuna da alminiyam. Aikin da za a koya mini shi ne kula da injin da ke cusa narkakken ƙarfe cikin mazubi da matsi mai ƙarfi. Ranar da aka zagaya da ni cikin masana'antar na ga injuna jere suna aiki, amma mutanen da ke kula da su ba su taka kara sun karya ba. Hannun mutum-mutumi ne ke ɗebo narkakken ƙarfen, shi ke fesa wa mazubin mai, kuma shi ke ciro abin da aka zuba ya tsoma a ruwa. Tun daga ranar zuciyata ta kasa kwanciya. Shin in zuba ƙuruciyata cikin sana'ar da na'ura ta riga ta cinye rabinta, ko in nemi wata hanya tun da sauran lokaci?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekara 27 a gaban irin wannan inji kafin in yi ritaya, saboda haka bari in fara da gaya maka abin da ka gani, domin ina zaton ka ga jikin aikin ne ba ka ga ransa ba.

Lokacin da na fara, da ludayin ƙarfe mai dogon mariƙi nake ɗebo alminiyam daga tanderu in zuba a bututun harbi, in danna maɓalli, in jira, in sa awartaki in ciro kayan, sannan in fesa wa mazubin mai da hannuna, tururi yana dukan fuskata. Haka nake yi sau ɗaruruwa a wuni guda. Wannan ɓangaren ne mutum-mutumi ya karɓe, kuma ni dai ban yi masa kuka ba, domin wannan aikin hannun ne ya cinye mini kafaɗa.

Abin da bai karɓe ba shi ne sanin dalilin da ya sa kaya suka fito da kyau jiya, yau kuma suka lalace, alhali babu wanda ya taɓa komai. Alminiyam zalla yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, kuma gaurayensa da wasu ƙarafa, wanda ake zubawa, ana riƙe shi a tanderu wajen digiri 650 zuwa 700. Shi kansa mazubin, wanda aka sassaƙa daga ƙarfe mai jure zafi, dole ne ya kasance da ɗumi wajen digiri 200. Idan ya yi sanyi, ƙarfen zai daskare kafin ya cika lungunansa, ka ga wani layi a jikin kayan inda kwarara biyu suka haɗu ba su game ba. Idan kuma ya yi zafi da yawa, ƙarfen zai manne masa. Harbin, wato cusa narkakken ƙarfen cikin mazubi, yana da matakai uku: fistin yana tafiya a hankali da farko don kada ya naɗe iska cikin ƙarfen, sai ya yi wuf ya cika mazubin cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, sannan ya ƙara danna ƙarfen da matsi mai tsanani yayin da yake daskarewa. Wurin da ake sauyawa daga matakin farko zuwa na biyu, idan ya goce da 'yan milimita kaɗan, sai a wuni ana zuba shara. Mutum ne ke gane haka, kuma mutum ne ke gyarawa.

Ka kuma tambaye su wane irin inji za su ɗora ka a kai. Akwai wanda famfonsa ke nutse cikin narkakken ƙarfen, wanda ake amfani da shi wajen tutiya, tun da ita a wajen digiri 420 take narkewa. Akwai kuma wanda ake ɗebo ƙarfen daga waje a zuba masa a kowane harbi, kuma shi ne na alminiyam, saboda narkakken alminiyam yana cin baƙin ƙarfe, da an bar famfo a cikinsa da ba zai daɗe ba. Wanda ya ƙware a na biyun ya fi samun inda zai dafa.

Mai Shakka:

Baba, ina girmama shekarunka a wannan aiki, amma ina ganin ba mu yi wa yaron nan adalci ba idan muka ba shi labarin gwaninta muka ɓoye masa lissafi. Tambayarsa ba wai ko aikin yana buƙatar basira ba ce. Tambayarsa ita ce mutum nawa za a buƙata nan da shekara ashirin. Da bakinka ka ce aikin da kake yi da hannu ya tafi. To, idan a da kowane inji yana da mutum ɗaya, yanzu kuma mutum ɗaya yana kula da uku ko huɗu, ai biyu ko uku sun koma gida, komai gwanintarsu.

Hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka ta daɗe tana hasashen cewa yawan masu sarrafa injunan ƙarfe da roba zai ci gaba da raguwa, kuma dalilan da take bayarwa su ne na'urori masu sarrafa kansu da gasar ƙasashen waje. Ƙasar Sin kaɗai tana zuba kusan rabin dukkan kayan zubi na duniya, Indiya na bi mata, kuma duk masana'antar da ba ta iya gogayya da su a farashi ba, rufewa take yi. Sannan ga motoci masu amfani da lantarki. Babban mai sayen kayan zubi a duniya shi ne masana'antar motoci, kuma manyan abubuwan da take saye su ne gangar jikin inji, da kan silinda, da fistin, da akwatin giyar mota. Motar lantarki ba ta da gangar inji, ba ta da kan silinda, ba ta da fistin. Ina so a nuna mini inda waɗannan ma'aikata za su koma.

Injiniyan Gyara:

Malam Mai Shakka, ka kawo rabin maganar hukumar ka bar rabin. Wannan hasashen da ka ambata, a cikinsa ne kuma ake cewa za a riƙa samun guraben aiki masu yawa a kowace shekara duk da raguwar, saboda masu yin ritaya da masu barin aikin sai an maye gurbinsu. Sana'a tana iya tsukewa amma ƙofarta ta kasance a buɗe, idan masu fita sun fi masu shiga yawa. A inda nake aiki, matsalarmu ba yawan masu nema ba ce. Matsalarmu ita ce masu furfura suna tafiya, samari kuma suna gudun zafi da aikin dare.

Game da motar lantarki, gaskiya ne ta kashe wasu sassa, amma ta haifi wasu. Tana buƙatar gida na alminiyam da za a sa injinta na lantarki, da akwatin batir, da gidajen na'urorin da ke sarrafa wutar, kuma da yake batir yana da nauyi, masu ƙera ta suna neman rage nauyi a ko'ina, abin da ke tura su ga alminiyam. Babban abin da ya faru ma ya wuce haka. A 2020 kamfanin Tesla ya fara zuba dukkan ƙashin bayan motarsa Model Y a dunƙule, da wani ƙaton inji da kamfanin Idra na Italiya ya ƙera, wanda ake kira Giga Press, mai ƙarfin matse mazubi na kimanin tan 6,000. Abin da a da ake harhaɗawa daga sassa kusan 70 ta hanyar walda, ya koma zubi. Daga baya an ƙera mai tan 9,000. Kamfanin Volvo ya bi wannan hanya, Toyota ma ta sanar a 2023 cewa za ta bi, ban da kamfanonin Sin da dama. Wato aikin da a da yake hannun masu buga farantan ƙarfe da masu walda yana dawowa hannun masu zubi.

Mai Shakka:

Injiniya, misalinka ya fi taimakona a kan yadda ya taimake ka. Idan sassa 70 suka koma ɗaya, ai ma'anarsa ita ce inji ɗaya da mutane kaɗan sun maye gurbin dogon layi. Kuma irin wannan inji ba ƙaramar masana'anta ce ke iya sayensa ba. Zai taru ne a hannun manyan kamfanoni 'yan ƙalilan, a ƙasashe 'yan ƙalilan. Yawan tan ɗin ƙarfen da ake zubawa yana iya ƙaruwa alhali yawan masu zuba shi yana raguwa. Abu biyu ne daban, kuma na biyun ne ke ciyar da iyali.

Injiniyan Gyara:

Wannan na yarda da shi. Ban ce yawan ma'aikata zai ƙaru ba. Na ce dai ba mutuwa sana'ar take yi ba, kuma wanda ya rage a cikinta darajarsa hawa take.

Mai Duba Inganci:

Ku ba ni dama in shigo, domin ni ce nake karɓar abin da injunan nan suka haifa, kuma daga teburina ana ganin wanda za a riƙe da wanda za a sallama tun kafin shugabanni su yanke hukunci.

Ƙanena Sabon Shiga, babban abokin gabar mai zubi shi ne rami a cikin ƙarfe wanda ido ba ya gani. Kaya za su fito sumul, a kai su wajen masu yanka da gogewa, sai wuƙar inji ta buɗe wasu ƙananan ramuka kamar na soso, ko a gwada gidan famfo da iska a ga yana yoyo. Ramukan nan iri-iri ne, kuma kowane da mahaifinsa. Akwai na iskar da aka naɗe lokacin harbi. Akwai na haidurojin, domin narkakken alminiyam yana shan wannan iska daga laima, sai ya tofar da ita lokacin daskarewa, shi ya sa ake hura masa iskar naitirojin ko ta agon kafin a zuba don a kore ta. Akwai kuma na tsukewa, tun da alminiyam yana raguwa da kimanin kashi 6 cikin ɗari na girmansa idan ya daskare, kuma duk wuri mai kauri da ya makara wajen daskarewa, idan ba a ci gaba da tura masa ƙarfe ba, rami zai bari. A hoton da ake haska cikin ƙarfen, ramuka iri na farko da na biyu sukan fito zagayayyu, na uku kuwa yakan fito da tsage-tsage.

Idan na ɗauki irin wannan hoto na je wurin ma'aikata biyu, ɗaya zai ce mini shi dai bai taɓa komai ba, lambobin da aka ba shi su ne a kan allo. Ɗayan zai karɓi hoton ya duba, ya ce bari ya ga ko ƙofofin fitar iska na mazubin sun toshe, ko wani bututun ruwan sanyaya ya daina gudu, ko kan fistin ya cinye har matsin ƙarshe yana zubewa. Na farkon mutum-mutumi ya riga ya fi shi, domin shi ma ba ya taɓa komai, kuma ba ya gajiya. Na biyun kuwa ban taɓa ganin an sallame shi ba, sai dai a yi ta ƙoƙarin hana wani kamfani ɗauke shi. Kuma ku lura da wani abu game da manyan injunan da Injiniya ya ambata: idan ƙaramin abu ya lalace, asarar kaɗan ce, amma idan ƙashin mota guda mai nauyin kilo da yawa ya lalace, kuma aka yi sa'a guda ana zuba irinsa kafin a farga, asarar ba ta wasa ba ce. Duk yadda zubi ya ƙara girma, haka kuskure ke ƙara tsada, haka kuma mai hana kuskuren.

Ban yarda da masu cewa kyamara da ƙirƙirarriyar basira za su share wannan ba. Muna da na'urar da ke zana yadda matsi da gudu suka kasance a kowane harbi, tana ware wanda ya kauce, kuma tana da amfani ƙwarai. Sai dai tana gaya maka ne cewa wani abu ya sauya. Zuwa a tsuguna a gano menene, wannan har yanzu da ƙafa ake yinsa.

Sabon Shiga:

Na gode, Yaya, wannan bayani ya buɗe mini ido. Amma akwai abin da mahaifiyata ta fi damuwa da shi, wanda ni ma ban raina ba, wato lafiyar jiki. Baba ya ce aikin ya cinye masa kafaɗa. Mene ne gaskiyar haɗarin, ba tare da an rage ko an ƙara ba?

Tsohon Hannu:

Mahaifiyarka ta yi gaskiya, kuma gara ka ji daga bakina. Abu na farko da za ka riƙe har ka bar aikin nan shi ne ruwa da narkakken ƙarfe ba sa haɗuwa. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura sau kusan 1,700, kuma idan hakan ya faru a ƙarƙashin narkakken ƙarfe, sai ya watsa shi sama kamar an harba bindiga. Wata rana a masana'antar da na yi aiki, wani abokin aikinmu ya jefa sandunan alminiyam cikin tanderu, waɗanda suka kwana a waje raɓa ta sauka a kansu, bai tsaya ya ɗumama su ba saboda ana matsa mana a kan yawan kaya. Ƙarar da na ji ban manta da ita ba. Allah Ya kiyaye, yana sanye da garkuwar fuska, amma wuyansa da hannunsa sun ɗauki tabon da zai tafi da shi kabari. Laifin ba nasa kaɗai ba ne, domin da an tanadi wurin ajiya mai rufi da hakan bai faru ba. Tun daga ranar, ko ludayi ne ko abin kwashe datti, ba na tsoma shi sai na gasa shi tukuna.

Na biyu, kada ka taɓa sa hannu ko kai tsakanin ɓangarorin mazubi biyu sai ka kashe injin, ka sa kwaɗonka a kan makunnin, makullin yana aljihunka, ka kuma tabbatar an sauke matsin man da ke cikin tankunansa, domin inji yana iya motsawa bayan an ɗauke masa wuta. Abin da ke matse tan ɗari takwas bai san bambancin ƙarfe da ƙashi ba. Duk wanda ya ce maka ka ƙetare makunnin tsaro na ƙofa don aiki ya yi sauri, ko shugabanka ne, ka ƙi.

Na uku, tufafi. Kada ka sa rigar leda ko ta roba a ƙarƙashin kayan aiki, domin tartsatsi yana narkar da ita ta manne da fata. Sauran kuwa masu zuwa a hankali ne: ƙara mai kashe ji idan ka yi sakaci da toshe kunne, hazon man feshi, zafin da ke ƙarar da ruwan jiki, da hayaƙin tutiya mai sa zazzaɓi da dare. Ba zan ɓoye maka ba, kunnena na hagu ya yi rauni, kuma laifina ne, domin a lokacinmu muna ganin toshe kunne ragwanci ne. Amma injin da za ka tarar yau a cikin keji yake, kuma ba kai za ka ɗauki ludayin ba. Ta wannan fuska kun fi mu sa'a nesa ba kusa ba.

Ɗan Yashi:

Duk maganar ta karkata ga alminiyam da motoci, kamar su kaɗai ne zubi. Ni a ɓangaren baƙin ƙarfe nake, inda mazubin na yashi ne da aka cakuɗa da yumɓu da ɗan ruwa, ana zuba ƙarfen a wajen digiri 1,400, a fasa mazubin a ciro kayan, a sake sarrafa yashin. Idan aka auna da nauyi, baƙin ƙarfe ne mafi yawan abin da ake zubawa a duniya, ba alminiyam ba. Bututun ruwan sha, da famfuna, da bawul, da faifan birki, da murafun magudanan ruwa, da sassan taraktoci da jiragen ƙasa, duk daga nan suke fitowa. Cibiyar da ke riƙe fukafukan injin samar da lantarki daga iska ma zubi ce ta baƙin ƙarfe mai nauyin tan da yawa, irin wanda ake sa wa ɗan maganiziyam don ya daina karyewa kamar tangaran, dabarar da Keith Millis ya gano a 1943. Motar lantarki ba ta hana gari buƙatar ruwa ba.

Ina kuma so in ce wa Malam Mai Shakka, tsoron na'ura ba yau ya fara a wannan sana'a ba. Tun a shekarun 1960 kamfanin DISA na ƙasar Denmak ya fito da injin da ke buga mazuban yashi ɗaruruwa a cikin sa'a guda, aikin da a da gwanaye ke yi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Masu bugun hannu sun ragu ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma ga mu nan bayan shekara sittin ana neman wanda ya san laimar yashi da ƙarfinsa. Yanzu kuma ga na'urar da ke gina mazubin yashi hawa-hawa kai tsaye daga zanen kwamfuta. Mutane suna zaton irin waɗannan na'urori za su kashe zubi, alhali mazubi suke yi mana, mu kuma mu zuba.

Haɗarinmu da ya bambanta da na su Baba shi ne ƙurar yashi. Ƙwayoyinta masu laushi suna shiga huhu su zauna, su haifar da ciwon da ba ya warkewa, kuma ba ya nuna kansa sai bayan shekaru. A 2016 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta tsaurara iyakarta zuwa maikurogiram 50 a kowace kubik mita ta iska. Duk wanda zai shigo ɓangarenmu, ya duba ko masana'antar tana da injunan zuƙe ƙura masu aiki, ba na ado ba.

Mai Shakka:

Na karɓi maganar bututu da famfuna, kuma na yarda na taƙaita kallona ga motoci. Amma akwai abu biyu da har yanzu ba a amsa ba. Na farko, narkar da ƙarfe aiki ne mai cin wuta da iskar gas, kuma duk lokacin da makamashi ya yi tsada ko ya yi ƙaranci, masana'antun zubi suna cikin na farkon da ke rage aiki. Gwanintar ma'aikaci ba ta kunna tanderu. Na biyu, tanderu ba ya son a kashe shi, saboda haka aikin na karɓa-karɓa ne, dare da rana, har da ranakun hutu. Wanda yake ɗan shekara ashirin da biyu ba ya jin wannan, amma mai iyali yana ji. Ba cewa nake kada ya karɓa ba. Cewa nake kada ya shiga da tunanin cewa a gaban inji ɗaya zai tsufa kamar yadda Baba ya yi, domin wannan zamanin ya wuce.

Injiniyan Gyara:

A nan bakinmu ya zo ɗaya. Game da makamashi, akwai abin da ke taimakon masu zubi, wato sake narkar da tsohon alminiyam yana cin kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na wutar da ake buƙata wajen samar da sabo daga ma'adini, kuma mafi yawan gaurayen da ake zubawa da matsi daga tsofaffin kaya ake yinsa. Duniyar da ke neman rage hayaƙi tana buƙatar masu wannan aiki. Amma hakan bai hana wata masana'anta rufewa ba, shi ya sa shawarata ga ƙanenmu ita ce ya tara abin da zai iya ɗauka ya tafi da shi.

Ya koyi ɗaura mazubi da saita shi daga farko, kada ya tsaya a kan kula da wanda wani ya saita. Ya koyi karanta zanen bututun mai da na lantarki na injinsa. Ya roƙi a nuna masa yadda ake koya wa mutum-mutumi hanya, domin duk sanda aka sauya mazubi sai an sake gyara masa inda zai kama da inda zai fesa, kuma masu iya wannan kaɗan ne. Ya fahimci na'urar da ke ba injin umarni, ko da iyakar gane dalilin tsayawarsa ne. Waɗannan duk suna aiki a masana'antar roba, da ta buga faranti, da kowace mai amfani da matsin mai da mutum-mutumi. Wanda ya riƙe su, ko an rufe ƙofa ɗaya, ba zai rasa wata ba. Daga nan ne kuma hanya ke rabuwa zuwa saiti, ko gyara, ko duba inganci, ko gyaran mazubi, ko shugabancin rukuni.

Tsohon Hannu:

Injiniya, duk abin da ka lissafa daidai ne, amma ina da ƙari, kuma kada ka ji haushi. Na ga samari da suka iya allo fiye da ni sau goma, amma idan aka miƙa musu kaya masu zafi ba su san ta ina za su fara duba su ba. Kafin ya koyi koya wa mutum-mutumi hanya, ya yi wata shida yana ɗaukar kowane kaya da aka ƙi, yana juya shi, yana tambayar dalili. Ya saba da ƙarar harbi mai kyau har kunnensa ya riƙa gaya masa an samu matsala kafin allo ya nuna. Ya riƙe ɗan littafi a aljihu yana rubuta abin da aka sauya da abin da ya biyo baya. Nawa littattafan sun kai goma sha ɗaya, kuma da zan tafi, su ne abin da aka roƙe ni in bari.

Sabon Shiga:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya, har da Malam Mai Shakka, wanda maganarsa ta fi yi mini ɗaci amma ta sa na daina kallon abin kamar wurin zama na har abada. Na yanke shawarar karɓar gurbin. Kafin in sa hannu zan tambaye su ko masu koyo suna shiga aikin sauya mazubi da saiti, ko kuwa ana ajiye su ne a wajen kwashe kaya da yanke gefuna, sannan zan duba da idona ko kowane ma'aikaci yana da kwaɗonsa na kashe inji. Idan akwai wata tambaya da ya kamata in ƙara, ina saurare.

Mai Duba Inganci:

Ka tambaye su ina suke ajiye kayan da aka ƙi, kuma wa ke duba su kowace safiya. Idan suka nuna maka teburi da sunayen lahani a rubuce, kuma masu injin suna halartar zaman, to za ka koyi aiki a wurin. Idan kuwa suka nuna maka kwandon da ake juyewa kai tsaye cikin tanderu, ka karɓi gurbin duk da haka, amma ka riƙa zuwa da wuri kana duba kwandon da kanka kafin a juye.